Ceto Bayanai Daga Rumbun Kwamfutar da Wutar Lantarki Ta Ƙona: Darasi Ga Masu Binciken Harshe

1.0 Gabatarwa

A da, ɗalibin Hausa idan ya fita ƙauye neman bayanai yakan dawo da kaset-kaset da littafin rubutu. A yau yana dawowa da muryoyi da hotuna a cikin waya ko rakoda, sa'an nan ya juye su cikin wata na'ura da masu gyara ke kira had-dis, wadda a wannan maƙala za mu kira rumbun kwamfuta. Sunan ya dace, domin kuwa a ciki ne manomin ilmi ke zuba amfanin da ya yi wata da watanni yana tarawa. Sai dai rumbun da ke riƙe aikin shekara guda yana iya mutuwa cikin ƙiftawa da bismilla, idan wutar lantarki ta shige shi da ƙarfin da ya wuce ƙima.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa 'yan'uwa ɗalibai yadda rumbun yake, da irin ɓarnar da wuta ke yi masa, da matakan da ake bi a ceto abin da ke ciki. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, a mafi yawan lokuta wutar ba ta taɓa bayanan da kansu, kuma abin da mai rumbun ya aikata bayan haɗarin shi ne ke yanke hukuncin ko za a same su ko za a rasa. Zan kafa misali da abin da ya same ni, saboda masu iya magana na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

2.0 Abin da ke cikin rumbun

Binciken da nake yi domin kundin digirina ya shafi kalmomin noman fadama da na su a bakin mutanen Wurno da Rabah da Goronyo. Waɗannan garuruwa uku suna gabas da birnin Sakkwato, kuma rayuwarsu ta dogara ga fadamun Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Wurno ita ce ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Rabah ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya zama hakiminta a 1934. A Goronyo kuwa akwai madatsar ruwan da aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942.

Wannan madatsa ta sauya yadda ruwa ke hawa da sauka a fadama. Da ruwa ya sauya, sai noma da su suka sauya, kalmomin da tsofaffi ke kiran irin shinkafa da kayan kamun kifi da lokutan cikowar gulbi suka fara fita daga bakin matasa. Su na tafi nema. Na dawo da hira 41, da hotunan kayan aiki, da waƙoƙin daka da na niƙa daga bakin tsofaffin mata. Wata tsohuwa a Wurno, bayan ta gama lissafa mini sunayen shinkafar da aka daina shukawa, ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai ɗai kat taɓa tambayata wanga abu." Ba a yi wata biyu ba Allah ya yi mata rasuwa.

Bugu da ƙari, komawa wasu wuraren ba abu ne mai sauƙi ba. Mai karatu zai tuna da harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, inda aka kashe fiye da mutum 40. Akwai ƙauyen da na yi hira a cikinsa wanda daga baya mutanensa suka watse. Ke nan abin da ke cikin rumbun nan ba ya sake ɗaukuwa. Duk da haka, saboda wayata da kwamfutata sun cika, na kwashe kome na zuba a rumbu guda na waje, mai cajarsa ta daban da ake sa wa a bango, na share sauran.

Wani dare cikin watan Yuli, a ɗakin da nake haya, ina cikin rubuta hirarrakin sai wuta ta yi ƙasa, sa'an nan ta dawo da ƙarfi. Ƙwan lantarki ya yi haske fiye da yadda aka saba, ya fashe. Na ji ƙaurin roba. Kwamfutar ta tsira saboda batirinta, amma cajarta da cajar rumbun duk sun ƙone, rumbun kuma ya yi shiru.

3.0 Ƙirar rumbun kwamfuta

Kafin mu shiga batun ceto, ya kamata mu san abin da za a ceta. Kamfanin IBM ne ya fara fitar da irin wannan rumbu a 1956. Yana da faifai 50, kowanne faɗinsa inci 24, abin da yake ɗauka duka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Na yau yana shiga aljihu, amma tsarin aikin bai sauya ba. Za mu iya kasa shi gida biyu.

Kashi na farko shi ne cikin gida, watau akwatin ƙarfen da aka rufe. A ciki akwai faifai na alminiyam ko na gilashi, an shafe su da wani sinadari mai ɗaukar maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda. A kan waɗannan faifai bayanai suke. Akwai kuma wani hannu mai ɗauke da allura, kamar ta garmaho, ita ke rubutawa, ita ke karantawa. Bambancinta da allurar garmaho shi ne ba ta taɓa faifan. Iskar juyawarsa ce ke ɗaga ta, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai nanomita 10 ba. Domin a gane ƙanƙantar wannan, kaurin silin gashin kai yana tsakanin nanomita 50,000 da 100,000. A jikin hannun akwai wata 'yar ƙwaya mai ƙara ƙarfin abin da allurar ta karanto.

Kashi na biyu shi ne allon lantarkin da ke manne a bayan akwatin, wanda masu gyara ke kira fanel. Ta nan wuta ke shiga. Babban rumbu yana cin wuta iri biyu, bolt 12 domin injin da ke juya faifai da bolt 5 domin ƙwayoyin lissafi. Ƙaramin rumbu irin na kwamfutar hannu bolt 5 kawai yake ci. A bakin ƙofar wutar an sa masu gadi, watau dayod da fis. Idan wuta ta zo fiye da ƙima, dayod yakan karkatar da ita, ya mutu a wurin domin sauran su tsira. A kan fanel ɗin kuma akwai wata ƙwaya, galibi mai ƙafa 8, da ake kira ROM. A cikinta aka rubuta awon da aka yi wa wannan rumbu shi kaɗai a masana'anta, yadda allurarsa za ta daidaita da faifansa. Za mu dawo kan wannan ƙwaya.

A lura cewa bayanin nan na rumbu mai faifai ne. Sabon samfurin da ake kira SSD ba ya da faifai. Bayanansa suna cikin ƙwayoyin da ke kan fanel ɗin da wuta ke shiga, don haka cetonsa ya fi wuya.

4.0 Yadda wuta ke yin ɓarna

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Abubuwa uku ne suka fi sa ta wuce haka. Na farko tsawa, musamman da damina, idan ta faɗa kan layi ko kusa da shi. Na biyu tsinkewar wayar da masu aikin lantarki ke kira nutural: idan ta tsinke a layin da ya fito daga taransifoma, wutar wasu gidaje takan faɗi, ta wasu kuma ta hau har ta doshi bolt 400. Na uku janareta, lokacin tayar da shi, ko sa'ad da mai ke ƙarewa yana shaƙewa.

Ko ta wace hanya ta zo, wutar tana bin tsari. Caja take fara ci. Idan ta wuce caja sai dayod da fis. Idan ta wuce su sai ƙwayar da ke sarrafa injin. Idan abin ya yi muni sai ta kai ga 'yar ƙwayar nan ta cikin gida da ke jikin hannun allura. Faifan kansa ba ya cikin wannan layi, domin babu wayar da ke kai wuta jikinsa. Abin da kan same shi shi ne, idan allura tana cikin rubutu wuta ta yanke, wurin da take rubutawa ya lalace.

Domin a ga irin juriyar faifai, a tuna da kumbon Amurka mai suna Columbia, wanda ya tarwatse a sama a 2003. An tsinci wani rumbu daga cikinsa a jihar Texas, ya babbake, amma masana suka ciro faifansa suka karanto kusan kashi 99 cikin 100 na sakamakon wani gwajin kimiyya da ke ciki. Idan faifai ya jure wannan, to, mai rumbun da cajarsa ta ƙone bai kamata ya yanke ƙauna ba.

5.0 Matakan ceto

5.1 Abubuwan da ba a yi

Mataki na farko shi ne a zare rumbun daga wuta a ajiye shi. A nan ne na yi kuskure. Washegari na ari cajar kwamfutar wani abokina saboda bakinta ya yi daidai da na rumbun, ban duba rubutun da ke jikinta ba. Ashe bolt 19 take bayarwa, rumbun kuwa 12 yake so. Na ji wani sabon ƙauri. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Sauran abubuwan da ya kamata a guje musu su ne: kada a buɗe akwatin ƙarfen, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta ninka tazarar allura da faifai sau ɗaruruwa, kuma ƙurar ƙasarmu ba sai an faɗa ba. Kada a sa shi a firiji kamar yadda wasu ke ba da shawara, domin raɓa za ta kwanta a kan faifan. Kada a bubbuge shi. Idan kwamfuta ta gan shi ta nemi a yi masa fomatin, ko ta ce za ta gyara shi da kanta, kada a amsa. Kada kuma a jefar da gidan robar da rumbun waje ke ciki, saboda wasu samfurori suna kulle bayanai ta hanyar ƙaramin fanel ɗin da ke cikin gidan, in babu shi ba za a iya karanta kome ba.

5.2 Gane ciwon

Mai gyaran da ya san aikinsa da ido da hanci da mita yake farawa, kafin ya sa wuta. Wanda na kai wa nawa ya fitar da rumbun daga gidansa, ya kwance fanel, ya auna dayod, ya nuna mini ƙwayar injin ta kumbura ta tsage. Da na gaya masa labarin cajar aro sai ya ce, "Malam, wuta ta yi nata, kai ma ka yi naka." A ganinsa, da dayod kaɗai ya mutu a daren, aikin minti kaɗan ne: a cire shi, a duba fis, a tayar da rumbun da wuta mai kyau, a kwashe bayanai.

Alamu uku ake bi. Idan rumbu ya yi shiru ba ya juyawa, galibi ciwon na fanel ne, kuma wannan shi ne mafi sauƙi. Idan yana juyawa amma ana jin ƙas-ƙas a kai a kai, allura ko ƙwayarta ce ta sami matsala. A kashe shi nan take, domin gyaransa sai a ɗaki na musamman mai tace iska, kuma duk minti guda da ya yi yana juyawa yana iya karce faifai. Idan kuwa yana juyawa lafiya amma ba a ganin fayiloli, to, jadawalin da ke nuna wurin kowane fayil ne ya lalace.

5.3 Sauya fanel

Da yawa suna zaton da an sami rumbu iri ɗaya sai a musanya fanel, shi ke nan. A tsofaffin samfurori hakan kan yi aiki wani lokaci. A na yanzu kuwa ba ya yi, saboda ƙwayar ROM da muka ambata. Dole a nemi fanel mai lamba daidai da wadda aka buga a jikin wanda ya ƙone, sa'an nan a narkar da dalma a ciro ROM ta tsohon, a dasa a sabon. A wasu samfurori awon yana cikin babbar ƙwayar lissafi, sai da na'ura ta musamman ake kwafe shi. Wannan ya sa tsohon fanel, kome ƙonewarsa, ba abin yarwa ba ne. Ni dai sai da aka aika Kano aka nemo mai lambar, muka jira mako biyu. Da aka dasa ƙwayar aka sa wuta, faifan ya tashi ba tare da ƙara ba.

5.4 Kwafe rumbun gaba ɗaya

Rumbun da ya farfaɗo kamar majinyaci ne da ya tashi zaune, ba a ɗora masa kaya. Ƙa'ida ita ce, kada a shiga buɗe fayiloli a kansa. A nemi wani rumbun lafiyayye, wanda ya kai shi girma ko ya fi, a kwafe tsohon a kansa tun daga gurbi na farko har na ƙarshe. Akwai manhaja ta kyauta mai suna GNU ddrescue da ke wannan aiki. Hikimarta ita ce tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu gardama, sai daga ƙarshe ta dawo kansu. Tana kuma rubuta inda ta tsaya, ta yadda idan wuta ta ɗauke za a ci gaba daga nan. Bayan an gama, sai a ajiye tsohon rumbun, duk sauran aiki a yi shi a kan kwafin.

5.5 Tsamo fayiloli

A nawa rumbun, jadawalin fayiloli ya sami rauni, domin ina cikin aiki wutar ta zo. Manhajar TestDisk ta dawo da mafi yawansu da sunayensu. Sauran sai da aka sa PhotoRec, wadda ba ta dogara ga jadawali. Ita tana bin rumbun gurbi-gurbi tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita. Alal misali, fayil ɗin murya na WAV yana farawa da haruffan RIFF. Aibinta shi ne ba ta dawo da suna, lamba kawai take ba kowane fayil.

6.0 Abin da aka samu da abin da aka rasa

Daga cikin hira 41, an sami 29 da sunayensu, har da ta tsohuwar nan ta Wurno. An sami 11 babu suna. Guda ɗaya ta fito a gutsure, ba ta saurarowa. Rubutun da nake yi a daren ya tafi, sai da na sake shi.

Waɗannan 11 su ne suka koya mini abin da mai gyara ba zai koyar ba. Takwas daga cikinsu na buɗe su da faɗin rana da gari da wanda nake hira da shi, don haka sauraro ɗaya ya isa na mayar musu da sunansu. Uku kuwa na kunna rakoda ne kawai ana tsakiyar magana. Ɗaya na gane ta da muryar mai ita. Biyu har yau ina kokwanton ko a ƙasar Rabah na ɗauke su ko a ta Goronyo. A nazarin karin harshe, kalmar da ba a san garin da aka ji ta ba ba ta zama hujja. Muryoyin suna nan, amma ba zan iya sa su cikin kundina ba.

7.0 Rigakafi

Hanyar tsare bayanai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Littattafan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u sun iso gare mu ne saboda almajirai sun yi ta kwafe su da hannu, suna kai su gari-gari. In gara ko gobara ta ci na wannan gida, na wancan yana nan. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zauna a Wurno a 1853, a Gwandu ya tarar da kwafin Tarihin Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi, littafin da aka wallafa a yankin Tambutu kusan shekara 200 kafin nan. Masu kwafen nan kuma sukan rubuta sunansu da lokacin da suka gama a ƙarshen littafi. Ke nan abu biyun da na yi sakaci da su, yawaita kwafi da sa shaida, magabatanmu sun riga sun tsare su.

Masana kwamfuta suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi 3, a kan ma'adana iri 2, sa'an nan 1 daga ciki ya kasance a wani wuri dabam. Ga ɗalibi, wannan na iya zama kwamfuta, da rumbun waje da ba a barinsa a jone, da intanet ko filashin da aka bar wa wani a gida. Kada a share abin da ke cikin rakoda sai an tabbatar da kwafi biyu suna buɗewa. A fara kowace hira da faɗin rana da gari da mai magana, a kuma rubuta su a littafi. Game da wuta, sitabilaiza tana daidaita hawa da saukar da ke zuwa a hankali, amma ba abin dogaro ba ce a gaban tsawa. Idan hadari ya taso ko wuta ta fara rawa, a zare waya daga bango, in an dawo da wuta kuma a jira ta zauna. A karanta lambar bolt da ke jikin kowace caja kafin a jona ta.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa rumbun da wuta ta ƙona yawanci fanel ɗinsa ne ya mutu, bayanai suna nan a kan faifai. Ta kawo matakan ceto bi da bi: a kashe, a auna, a sauya fanel tare da ƙwayar ROM, a kwafe gaba ɗaya, sa'an nan a tsamo fayiloli daga kwafin. Ta kuma nuna cewa gaggawar mai rumbu na iya yin ɓarnar da ta fi ta wuta.

Daga ƙarshe, ina roƙon malamanmu su duba yiwuwar tanadar ma'adana a sashe, inda kowane ɗalibi zai ajiye kwafin muryoyin da ya ɗauko tun ranar da ya dawo daga ƙauye, ba sai ya miƙa kundi ba. Tsofaffin da suka ba mu lokacinsu amana suka ba mu, kuma bai kamata a bar amanar nan a ɗakin haya, a jikin waya ɗaya ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.